Sarkin Ruwan Riyad

Riyad gari ne da in ka ce kana neman kogi sai a nuna maka famfo, amma duk da haka akwai Sarkin Ruwa a wani gidan haya da ke unguwar Al-Ud. Sunansa Isiyaku, direban wani kamfanin kayan gini ne, ɗan masunta daga Yawuri. Ba kowa ya naɗa shi wannan sarauta ba illa Baba Buraima mai gadin gidan, kuma don tsiya ya naɗa shi. Isiyaku mutum ne da ba ya iya shan shayi kofi ɗaya bai kawo labarin giwan ruwan da ya taɓa kamawa ba, kuma kowace shekara sai kifin ya ƙara tsawo.

Baba Buraima ɗan Maraɗi ne, ya shekara ashirin da shida yana gadi a Saudiyya. Halinsa ɗaya ne kowa ya sani: ba ya wuce abu a ƙasa. Ƙusa, murfin kwalba, guntun igiya, duk sai ya duƙa ya jefa aljihun jallabiya, wai wata rana za su yi amfani. Isiyaku kan ce in aka girgiza tsohon nan sai a buɗe shago.

Akwai wata tsohuwar magana tsakaninsu. Ran da Isiyaku ya fara sauka garin, shekara goma sha ɗaya ke nan, an ajiye shi a ƙofar gidan da jaka ɗaya, ba Larabci, ba ɗan'uwa, ga yunwa. Baba Buraima ne ya ja shi ɗakin gadi ya tura masa kwanon tuwo da miyar busasshen kifi. Sai da Isiyaku ya suɗe kwanon tas sannan bakinsa ya buɗe.

"Baba, na gode, amma wannan ba kifi ba ne, itace ne. Wallahi wata rana sai na ciyar da kai kifin da na kama da hannuna."

Tun daga ranar, duk Juma'a in sun dawo daga masallaci sai tsohon ya tambaye shi, "Sarkin Ruwa, ina kihina?" Shi kuma ya ce, "Yana nan yana ƙiba, Baba." A yi dariya a wuce.

Wata Litinin cikin watan Disamba Baba Buraima ya nuna masa takardar huruj, wato fita ta ƙarshe wadda ba a dawowa. Gwiwoyi sun gaji, jikoki sun girma ba su san fuskarsa ba. Ran Lahadi jirginsa zai tashi.

"To, Sarkin Ruwa," ya ce yana ninke takardar, "na yahe maka kihin nan. Mu rabu lahiya."

Wannan yafiyar ita ce ta fi komai ƙona wa Isiyaku rai. Da zagi aka yi masa da ya fi sauƙi. Mutumin da ya fara ciyar da shi a ƙasar nan zai koma gida yana ɗaukarsa mai cika baki kawai, kuma Juma'a ɗaya tak ta rage.

Washegari da ya tashi aiki ya zarce unguwar Al-Murabba, zuwa wani shago da ake sayar da tantunan sahara a gefe ɗaya, kayan kamun kifi a ɗaya gefen. Mai shagon mutumin Yaman ne mai fara'a. Isiyaku ya gaya masa babban kifi yake so, ba ɗan tsirit ba.

"Kan'ad kake nema, babban kifin teku, ya abokina," in ji mai shago. "Yanzu lokacinsa ne. Amma ba a zaune ake kama shi ba, jan ƙugiya ake yi. Jirgi na tafiya, ƙugiya na biye a baya."

Ya sauko da sanda mai kauri, da makina, wato abin naɗe zare mai hannun juyawa, sai kuma kifin roba guda biyu masu jan kai da farin ciki, kowanne da ƙugiyoyi a rataye. Isiyaku ya ɗaga ɗaya ya shinshina.

"Wannan zan ba kifi? Ba tana, ba ɗanyen nama? Kifin ƙasarku ba shi da hanci ne?"

Mai shago ya yi dariya, ya ɗauko wata siririyar wayar ƙarfe kamar kamu ɗaya, da ɗan maƙali mai buɗewa a bakinta. Ya ɗaura ta tsakanin zaren da kifin robar, ya nuna haƙoransa da yatsa. "Wannan lazim ce, dole a sa ta. Kan'ad yana da haƙora."

Isiyaku ya gyaɗa kai irin gyaɗawar wanda ya riga ya yanke shawararsa. Da ya dawo ɗaki ya baje kayan a tabarma, ya ƙura wa wayar ido tana ƙyalli. A Yawuri, mahaifinsa har shafa wa zare laka yake yi don kada kifi ya gani. Shi ne yau zai jefa ƙarfe mai walƙiya a ruwa ya ce kifi ya zo? Ya sa almakashi ya datse zaren, ya cillar da wayar bakin ƙofa, ya ɗaure kifin robar kai tsaye da ƙullin da ya gada. Har tausayin mai shagon ya ji, mutum yana sayar da kayan kamun kifi bai san kifi ba.

Ran Juma'a ana idar da sallar asuba suka kama hanyar gabas a motar da manajansu ya ara masa. Awa huɗu da wani abu suna keta rairayi, Baba Buraima na rungume da fulas ɗin shayi yana mita.

"Yaro, ni hwa ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama. In na nutse, kai za ka yi wa matata Hauwa bayani."

"Baba, kana tare da Sarkin Ruwa."

"Abin da ke ban tsoro ke nan."

Suka yi sallar Juma'a a Jubail, sannan suka nufi tashar jiragen ruwa. Mai jirgin da Isiyaku ya yi magana da shi ta waya wani dattijo ne baƙin rana, ana kiransa Abu Majid. Ƙaramin jirgi ne mai inji ɗaya. Da suka yi nisa har gari ya zama layi, Abu Majid ya rage gudu, ya soke sandar a wani rami a gefen jirgin, ya saki zare mai yawa. Kifin robar ya nutse yana rawa a baya.

Isiyaku ya jira a kashe inji. Ba a kashe ba.

"Ya Abu Majid, tsaya mana! Wannan ƙarar ai sai ta kori kifin duniya."

"In na tsaya, robarka ta mutu," in ji mai jirgi. "Tafiyar ce ke ba ta rai. Zauna."

Ya zauna, amma ransa bai so ba. Shi kamun kifin da ya sani, ko tari ba a yi. Baba Buraima kuwa ya riƙe bencin da hannu biyu, fuskarsa ta yi fari-fari, yana ta jan salati.

Ba su yi awa ɗaya ba sandar ta lanƙwashe, makina ta ƙwala ƙara. Isiyaku ya daka tsalle ya cafke. Ya ji nauyin abin har cikin kafaɗunsa, nauyin da ya shekara goma sha ɗaya bai ji ba. Kafin ya gama cewa bismillah, sandar ta miƙe, zaren ya saki. Ya naɗo, ya naɗo, sai ga bakin zare ya fito fayau, an yanke shi kamar da reza.

Abu Majid ya kama bakin zaren ya duba. "Ina wayar?"

Isiyaku ya sosa ƙeya. "Na cire. Kifi zai gan ta."

Dattijon ya ɗaga hannu biyu sama ya zuba wani Larabci mai sauri wanda gara da ba a fassara ba. Sai a lokacin Isiyaku ya tuna da tsage, kifin nan mai haƙora na kogin garinsu, wanda ba mai hankalin da ke bin sa da zare tsirara. Ashe ya sani, girman kai ne ya rufe masa ido. Ya tambayi mai jirgi ko yana da wata wayar. Abu Majid ya zazzage akwatinsa, ba komai sai ƙananan ƙugiyoyi da darma, don shi yawanci masu kamun kifin ƙasan ruwa yake ɗauka.

Kifin roba ɗaya ya rage. In aka jefa shi haka, hanyar ɗan'uwansa zai bi. Rana ta fara karkata, waya kuma tana can Riyad a bakin ƙofa. Isiyaku ya zauna jagwab, kunya ta rufe shi har ya kasa duban tsohon.

"Baba, ka yi haƙuri. Na kawo ka ka sha jiri a banza."

"Wace irin waya ce kuke ta hwaɗa a kai?" in ji Baba Buraima da ƙyar.

"Wata 'yar siririya ce, mai maƙali a baki."

Tsohon ya saki benci da hannu ɗaya, ya luma shi aljihun jallabiya. Ƙusa ta fito, murfin kwalba ya fito, sai ga tarin makullai. Na akwatunan tafiyarsa ne guda uku, an jera su tsaf a jikin wata siririyar waya mai ƙyalli.

"Irin wagga? Shekaranjiya na tsince ta bakin ƙohwarka. Na ga ta yi kyau da makulli."

Abu Majid ne ya fara fashewa da dariya, har ya saki sitiyari jirgin ya yi gefe. Isiyaku ya rungume tsohon ya sumbaci hularsa, ya rantse ba zai ƙara yi masa tsiyar tsince-tsince ba har abada. Baba Buraima ya ce ya rage rantsuwa, ta farkon ma ba a gama da ita ba. Aka zare makullan, Isiyaku ya ɗaura wayar, amma fa da ƙullin mahaifinsa ya ɗaura, wanda Abu Majid ya ja da ƙarfi ya ce wannan kam ba laifi.

Suka ci gaba da ja. La'asar ta yi, suka yi salla a zaune. Isiyaku ya daina kallon sanda ya koma kallon ruwa, don ko ba komai idonsa na ɗan kogi ne. Can ya hango tsuntsaye suna faɗawa wuri ɗaya, ruwan wurin yana tafasa da ƙananan kifaye. Ya nuna da hannu. Wannan karon Abu Majid bai yi musu ba, ya karkata jirgin ya bi ta gefen wurin.

Makina ta sake ƙwala ƙara, zare na fita kamar ba zai tsaya ba. Hannun Isiyaku ya kai kan birkin makinar zai ɗaure.

"Bar shi ya gudu!" Abu Majid ya daka masa tsawa. "In ya gaji ka naɗo!"

Ya bar shi. Wannan ne abu mafi wuya da ya yi a ranar. Kifin ya gudu, ya tsaya, Isiyaku ya ɗaga sanda ya naɗo, kifin ya sake gudu. Gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin Disamba. Baba Buraima ya manta da jiri, ya tashi ya cafke ɗamarar wandon Isiyaku ta baya yana ihu, "Riƙe shi, yaro! Kada ka tahi min da wayata!"

Sai da aka kusa rabin awa sannan wani dogon abu mai farin ƙyalli ya taso gefen jirgi. Abu Majid ya sa wata gora mai ƙugiya ya finciko shi ciki. Ya kai ƙirjin Isiyaku a tsaye. Kifin robar na can cikin bakinsa, haƙoran sun tauna wayar sun lanƙwasa ta, amma ba ta tsinke ba. Isiyaku ya durƙusa yana dariya, hawaye na zuba, bai ma damu ya share ba.

Ran Asabar da azahar, duk mutanen gidan suka hau saman bene a Al-Ud. An kwana da kifin cikin ƙanƙara, Isiyaku ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ya shafe da yaji da lemon tsami ya gasa a gawayi. Ba wanda ya miƙa hannu sai da ya zaɓi tsoka mafi kyau ya ajiye gaban Baba Buraima.

Tsohon ya gutsura, ya tauna a hankali kamar mai shari'a. Kowa ya zuba masa ido.

"To," ya ce, "wanga kam ba itace ba ne."

Aka kwashe da shewa. Da hayaniya ta lafa, ya miƙa wa Isiyaku tafin hannu. "Ba ni wayata."

"Baba, ai ta lanƙwashe. Bari in sayo maka sabuwa."

"Ita nake so. In jikokina sun ce ƙarya nake, in nuna musu wurin haƙoran."

Isiyaku ya ciro ta daga aljihu ya ba shi. Tsohon ya mayar da makullansa uku ɗaya bayan ɗaya, ya danne maƙalin, ya jefa aljihu. Sannan ya dafa kafaɗar Isiyaku, kuma a karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya babu tsiya a muryarsa.

"Sarkin Ruwa, na ci kihina. Allah Ya yi maka albarka."