Dunƙulen Hannun Auta

Gemunsa ya fara furfura, yana da shagon walda da 'ya'ya har sun tasa, amma a bakin Inna har gobe Auta ne. Tun rasuwar mijinta, girkin ranar Auta shi ne babban aikinta a duniya. Da hantsi take ɗora tukunya, kafin rana ta take ta danna shinkafa a kula har murfin yana gardama, ta haɗa da lemon kwalba mai sanyi, ta taka zuwa shagon da ke bayan layinsu. A wurinta sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma mai dukan ƙarfe ba a yi masa ƙwauron abinci.

Sai asibitin unguwa ya gano Auta yana da ciwon sukari. Ba a jima ba matarsa ta zo, ta durƙusa ta gaida Inna, ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ce Inna ta huta haka nan, ita za ta riƙa shirya masa na rana yadda ciwon yake so. Inna ta ce to, Allah ya yi albarka. Ta ciki na ciki, amma maganar ta yi mata zafi ƙwarai.

Hutun nan ya zame mata wahala. Hannunta bai iya girkin mutum ɗaya ba, kullum sai ta dafa ya yi yawa, ta zauna tana kallon tukunya, ta ƙare da miƙa wa maƙwabta. Wata rana ta bi ta shagon, wai hanya ce ta biyo da ita. Ta tarar da Auta zaune a kan tsohuwar taya yana tura dafaffen kabeji, fari fat, ya yi sanyi ƙalau, ba mai ba komai. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce mata wallahi da daɗi, amma Inna ta san ƙaryar Auta tun kafin ya iya yin ta da kyau. Da ya miƙe zai koma aiki sai da ya dafa bango, ya ce ɗan jiri ne.

Ranar komawarsa asibiti Inna ta riga su shiri. Babu wanda ya gayyace ta, babu kuma wanda ya iya cewa ta zauna. Suka jira a kan dogon benci, fanka na juyawa kamar an sa ta dole, Inna ta cika ta batse tana tara maganganun da za ta zazzage. Da aka kira su ɗakin malamar asibiti, wata matashiya mai tabarau da ke duba masu sukari, ita ta fara shiga.

"Ke ce kika ce a kashe mini ɗa da yunwa?"

Malamar ta ajiye biro, ta ja mata kujera. "Sannu da zuwa, Mama. Zauna tukuna. Wace yunwa kuma?"

Inna ta kwashe labarin kabeji kaf ta zayyana, har da jirin. Malamar ta dubi matar Auta, ita kuwa ta sunkuyar da kai. A hankali matar ta ce tun da aka faɗi ciwon kowa ya zama likita. Maƙwabciya ta ce a bar shinkafa, abokiyar aikinta ta ce a bar mai, wani a waya ya ce nama ne maƙiyi. Ta tattara duka ta hana, kabeji ne kawai ba ta ji wanda ya kai ƙararsa ba. Da sassafe take dafawa kafin ta tafi makarantar da take koyarwa, shi ya sa yake sanyi. Sai ta ce kawunta wannan ciwon ya raba shi da ƙafa, kuma tsoro take ji. Nan take fushin Inna ya sace, tausayi ya maye gurbinsa, har ta ji kunyar shigowar da ta yi.

Malamar ta ce ba wanda ya hana shi shinkafa, kuma zama da yunwa ga mai shan maganin sukari haɗari ne, watakila ma shi ya kawo jirin. Ta buɗe durowa ta ɗauko faranti, ta ja layi da yatsa. Rabi na ganye ne da kayan lambu, alayyafo ko kabeji ko abin da kasuwa ta kawo, a gyara su da ɗan mai da ɗan gishiri yadda za su ciwu. Kwata ɗaya kifi ko ƙwai ko nama marar kitse. Kwatan da ya rage shi ne na shinkafa, kamar girman dunƙulen hannu. A ci a kan lokaci, kada a tsallake. Lemon kwalba kuwa a yi sallama da shi, ruwa ya wadatar.

"Dunƙulen wa?" in ji Inna, tana kallon nata ɗan siririn hannun da zargi.

"Na mai ciwon, Mama."

Inna ta juya ta kamo hannun Auta, ta dunƙule masa yatsu. Hannun mai walda ne, ƙato, duk kanta da tabon ƙuna. Ta juya shi sama da ƙasa, ta ce to alhamdu lillahi, wannan dai ba za a ce masa loma ba. Har malamar sai da ta yi dariya. Daga nan ta tambaya wa ke da sukunin girka masa na rana da zafinsa. Inna ta ɗauke kai tana karatun hoton da ke bango, ita da ba ta ganin rubutu sai da tabarau.

"Inna," in ji matar Auta, "ki yi haƙuri ki karɓi abinki. Ni na kasa."

Inna ta ce za ta duba ta gani, ƙafarta ma ciwo take yi kwanan nan. Ba su kai gida ba ta sa aka tsaya ta sayi alayyafo.

Yanzu da rana tana zuwa shagon da faranti da ƙaramar tukunya, kuma ba ta zuba shinkafa sai Auta ya kashe injin, ya wanke hannu, ya miƙo mata. Ta riƙe dunƙulen da hannu biyu, ta dube shi, ta dubi ludayi, sannan ta zuba. Jirin ya tafi, awonsa a asibiti yana ta kyau. Rannan matarsa ta biyo daga makaranta ta tarar da su, ta ce ai ido ba mudu ba ya san kima, ya ci a ce Inna ta haddace girman hannun nan.

"Idona ya tsufa, 'yar nan. Gara in auna."

Ta daɗe da haddace shi. Rabon da ta riƙe hannun Auta tun tana tsallakar da shi titi zuwa firamare, kuma ba ta da niyyar sakinsa da wuri.