Fankar Motar Jafaru

In ka tambayi 'yan albasa na kasuwar Talata Mafara wane ne Jafaru, za su ce maka mutum ne da ko kaza ba ya wucewa sai ya tambaye ta gajiya. Manoman shinkafa na Bakura kuwa cewa suke yi wannan a da ne, lokacin yana bisa keke. Matan Maradun, inda aka haife shi, ba su cika tsawaita magana a kansa ba. Sai dai su ce, "Ai ɗan wajen Batulu ne," su ci gaba da aikinsu. Batulun nan gwaggonsa ce, ƙanwar ubansa, ita ta goya shi tun uwarsa ta rasu ta bar shi yana rarrafe.

Abu guda duk suka yarda da shi, wato motar ce ta canja shi.

Ya saye ta ne a shekarar da Turawan da suka gina dam ɗin Bakolori suke haɗa kayansu. Albasar noman rani ta yi masa kyau, sai wani injiniya daga cikinsu ya sallama masa wata jar mota mai ƙofa biyu, wadda aka ƙera don tsere. Gajera ce ƙwarai, cikinta kamar zai shafi ƙasa, in zai shiga sai ya tattare babbar riga ya duƙa kamar mai leƙa akurki. Shi yana kiranta Walƙiya. Mutanen gari, in ba ya kusa, Ƙadangaruwa suke ce mata.

Abin da ba a gaya masa ba shi ne fankar da ke sanyaya lagireton motar ta daɗe da mutuwa. Baturen ma wataƙila bai taɓa lura ba, domin shi ba ya da wanda zai tsaya gaisarwa. Muddin motar na gudu, iskar hanya na shiga ta gaba ta huce ruwan inji. Da ta tsaya da inji a kunne, sai allurar zafi ta fara hawa. In kuma aka kashe ta da zafinta, ba ta tashi sai an tura.

Jafaru ya gane haka ne ranar da ya tsaya gaida wani dattijo a Bakura. Ana "ina kwana" allura na ƙasa. Ana "ina gajiya" ta kai tsakiya. Kafin a gama tambayar iyali a shiga ta shuka, tururi ya fara fita ta ƙarƙashin bonet. Ya ce wa dattijon haka irin waɗannan motoci suke numfashi, ya taka totur ya tsere. Tun daga ranar ya rage gaisuwa, ya mayar da ita ɗaga hannu da danna ham. Aka fara cewa girman kai ya shige shi. Ya ji, ya auna, ya ga gara a ce yana da girman kai da a ce motarsa tana da ciwo.

Ana nan sai wata Talata, ranar kasuwa, garken shanu ya tare shi a kan gadar kanal. Ya tsaya dole, yana kallon allura tana tafiya har ta taɓa ja. Shanu na gama wucewa ya sake wa motar giya, bai yi nisa ba sai ga Gwaggo Batulu a bakin hanya, da ƙwarya a ka, ta nufi kasuwa. Ta gan shi, ta ɗaga hannu, har ta fara sauke ƙwaryar. Jafaru ya dubi Gwaggo, ya dubi allura. Ya danna ham ya wuce, ƙurarsa ta rufe ta.

Washegari ya aiki matarsa Nagode Maradun da buhun shinkafa da turmin atamfa. Da yamma sai ga ta ta dawo da kayan kamar yadda ta tafi da su.

"Mi tac ce?" in ji shi.

"Cewa ta yi a gaya ma mai ham ta ji gaisuwa. Tac ce tun da Allah Ya yi ta, akuya kaɗai ta san ana yi ma ham bisa hanya. Kuma kada a sake kai mata ko tsinke daga gidan ga."

Jafaru ya zauna a kan turmin daka. Gwaggon nan ita ce matar da ba ya fara sayar da albasar shekara sai ta sa masa albarka.

Nagode ta ce, "Maigida, ka hau keke ka tahi ka gaya mata gaskiya mana. Ka ce motar ce ba ta iya tsayuwa, ka ba ta haƙuri."

"In ce Walƙiya ba ta iya tsayuwa? A gaban matan Maradun? Kahin in dawo gida labari ya riga ni kasuwa."

Shi dabarar da ya ga ta fi ita ce ya gyara motar a ɓoye, ya koma da ita har gaban Gwaggo, ya tsaya da inji a kunne, ya yi mata gaisuwar da ba a taɓa yin mai tsawonta ba. A ganinsa doguwar gaisuwa za ta shafe gajera, ba sai an kai ga ban haƙuri ba.

Ya tafi garejin Zubairu, wani makanike da ya taɓa wanke ƙarafa a wurin gyaran motocin kamfanin Turawan dam, wanda tun daga lokacin yake magana kamar shi ya zana dam ɗin. Jafaru ya ja shi gefe ya sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba. Zubairu ya rantse, sannan ya ɗaga murya ya ce wa masu zaman kashe wando a ƙarƙashin dalbejiya su matsa da tabarma, zai baje wa Alhaji fankoki, motarsa na tafasa.

Fankoki uku ya fito da su daga tarkacen da ya kwaso a sansanin kamfani, duk masu aiki da batir. Ya ɗaga ta farko, 'yar ƙarama mai siraran fukafukai.

"Wagga bayan lagireto aka ɗaura ta, ta riƙa jawo iska ciki. Ba ta da ƙara, ba ta cin batir. Za ta riƙe ka gaisuwar abokin ciniki, ina kwana, ina aiki, sai an jima."

"Aje ta," in ji Jafaru.

Ta biyu ta fi girma, tana da ƙawanya ta roba da ke tattara iska. Zubairu ya ce ita da kanta take tashi in zafi ya hau, ta tsaya in ya sauka, kuma daidai take da faɗin lagireton motar, kamar don ita aka yi ta. "Wagga ko surukinka ka samu bisa hanya, ku gaisa a natse, har ya tambaye ka kuɗin taki."

Jafaru ya juya ta a hannu. Zuciyarsa ta ɗan kwanta da ita. Amma sai ya tuna gaisuwar Gwaggo Batulu. Ita ba ta tambayar yara a dunƙule, kowane sai ta kira sunansa, ta ji tarinsa da haƙoransa. In ta gama da mutane ta koma kan jakin da aka sayar tun kafin a fara dam. Ya gaya wa Zubairu haka.

Idon Zubairu ya yi haske. Ya shiga ɗaki ya fito yana rungume da wata baƙar fanka mai faɗin faifan shiƙa, wadda aka cire daga wata babbar motar aikin kamfani. Ya daɗe yana son ya ga ranar da za ta juya.

"Alhaji, wagga ko zaman ta'aziyya ka yi da inji a kunne, allura ba ta motsi."

"Ta shiga cikin bonet?"

"Ina hwa! Waje za mu ɗaura ta, a gaba, mu yanke hancin motar kaɗan. Ta riƙa kwasar iskar duniya tana tura ma lagireto. Kowa ya gan ta."

Masu zaman dalbejiya suka rabu biyu. Wasu suka ce ta biyun ce daidai, wasu suka ce mutum kamar Alhaji ba a ba shi abu na tsakiya. Wani ya tambaya ko ba za ta cika ƙara ba. Zubairu ya ce ƙarar ai ita ce shaidar tana aiki, fanka marar ƙara wa ya san ko barci take yi. Maganar "kowa ya gan ta" kuwa ta riga ta zauna wa Jafaru a rai. Ya nuna babbar.

Da aka gama ɗaurawa aka haɗa mata waya da makunni kusa da sitiyari, sai aka gwada. Ta yi wata irin kuwwa kamar injin niƙa ya haɗiyi dutse, ta fizge hular Zubairu daga kansa ta manna ta a gaban motar. Allura kuwa ko gezau. Aka yi ta tafi, Zubairu ya ɓamɓaro hularsa yana cewa ko Turawan ba su taɓa tunanin wannan ba.

Da hantsi washegari Jafaru ya sa sabuwar riga ya kama hanyar Maradun. Bai sami Gwaggo a gida ba, aka ce tana masussuka a bakin gari. Ya ji daɗin haka, domin can ne taron mata yake. Ya same su zazzaune kusa da tarin shinkafar da aka gama bugu, kowace da ƙwarya da faifai a gefe. Tun safe suke jiran iska su yi shiƙa, ko ganye ba ya motsi.

Ya kawo hancin motar daf da su ya tsaya, ya bar inji a kunne, ya danna makunnin fanka. Sannan ya leƙo da kai ta taga.

"Gwaggo, ina kwana!"

Shi kansa bai ji muryarsa ba. Ya ga dai bakin Gwaggo bai motsa ba, ko dubansa ba ta yi. Amma wata mata da ke kusa ta ga ƙaiƙayi ya tashi daga ƙasa ya nufi motar a guje. Ta miƙe, ta cika ƙwarya, ta ɗaga sama ta zubo a hankali. Shinkafa ta sauka a ƙasa tas, ƙaiƙayi ya bi iska ya shige fanka.

"Jama'a, Allah Ya kawo iska!" in ji ta.

Nan da nan mata suka yi layi a gaban Walƙiya. Wannan ta zuba ta matsa, waccan ta zuba. Wata ma har tana yi masa alama da hannu ya ƙara wuta. Jafaru yana ta kwarara gaisuwa ta taga, ina gajiya, ina gida, yaya ƙafar da ke ciwo, jijiyar wuyansa duk ta tashi. Gwaggo Batulu ta tashi a natse, ta cika tata ƙwaryar, ta shiga layi kamar kowa.

Da ya waiwayo sai ya ga allura ta wuce tsakiya. Bai gane ba da farko. Ashe duk ƙaiƙayin da fankar ta kwasa cikin lagireto take cusa shi, har ya toshe kowace kafa, iska ba ta da hanyar wucewa. Allura ta taɓa ja. Ya san abin da ya saba yi a irin wannan lokaci, hannunsa ma har ya kai kan giya. Sai ya ga wadda ke tsaye a gaban motar da ƙwarya a sama Gwaggo ce, kuma a karo na farko idonta na kansa.

Tururi ya ɓalle ta kowane gefen bonet. Mata suka watse suna salati, ban da ita. Jafaru ya murɗa makulli ya kashe inji, ya kashe fanka.

Wurin ya yi tsit, sai tsiyayar ruwan zafi a ƙasa.

Ya buɗe ƙofa. Motar ba ta barin mutum ya fito a tsaye, dole sai gwiwa ta fara taɓa ƙasa. Da gwiwarsa ta sauka a kan ƙaiƙayi sai bai tashi ba. Ya cire takalma, ya matso a haka har gabanta.

"Kashe ta ka yi?" in ji Gwaggo. "Ai ba mu ƙare shiƙa ba."

Mata suka fara dariya ƙasa-ƙasa.

"Gwaggo, motar ga ba ta iya tsayuwa," ya ce, kansa a sunkuye. "Tun da nis saye ta haka take. In ta tsaya sai ta tahasa, in na kashe ta sai an tura. Ranar Talata ma abin da ya hana ni ke nan."

"Awo. To yanzu ba ga ta tsaye ba? Mi ya same ka?"

Ta duƙo ta dubi fuskarsa.

"Ka mutu?"

"A'a, Gwaggo."

"Kunyar a tura ka ka ji. Ni da na goya ka kana tsula min hitsari a baya, ban ji kunyar kowa ba." Ta aje ƙwaryar ta karkaɗe zanenta. "Ba a aiko min da atamhwa, Jafaru. Baki gare ka."

Ya motsa leɓe ya faɗi wani abu da ko matar da ke kusa ba ta ji ba.

Gwaggo ta sa yatsa a kunne ta girgiza. "Abin ga naka ya toshe min kunne. Mi kac ce?"

Jafaru ya dubi matan Maradun da suka kewaye shi, waɗanda su ne za su tura masa motar in an jima, waɗanda kuma labarinsu zai riga shi isa kasuwar Talata. Ya dubi Walƙiya, hancinta a yanke, baƙar fanka cike da ƙaiƙayi. Ya ɗaga kai, ya buɗe murya yadda har masu jakai a bakin hanya suka waiwayo.

"Gwaggo, na yi miki laihi. Na gan ki, na wuce ki, na yi miki ham. Don Allah ki yahe mini."