Ƙasashe Huɗu a Gidan Mukhtaru Mai Wanki

A wani aikin hajji kafin yaƙin duniya na biyu, wani mahajjaci ɗan Japan, Alhaji Hirata, ya kawo wa Mukhtaru wanki a unguwar Zahir ta Makka, da na'urar ɗaukar majigi ɓoye cikin jakarsa. Gwamnatinsu ce ta aiko shi ya ɗauko Musulmin ƙasashe daban-daban suna ɗaga wa tutar Japan hannu, amma duk wanda ya tunkara sai ya ƙi. Ya kai kukansa ga Mukhtaru.

"Ya Hajji, wannan ai mai sauƙi ne," in ji Mukhtaru da Larabci. "Dawo gobe."

Washegari Mukhtaru ya kwance ƙunshin wankin alhazai a bayan gida. Ƙaninsa Sabo ya ɗaura zanen mutanen tsibirin Jawa, ya wuce gaban na'ura yana ɗaga hannu. Ya zagaya ya dawo da jabbar Bukhara, sannan da jar darar Masar.

A zagaye na huɗu Hirata ya tsayar da na'urar. "Wannan ba shi ne ɗan Jawa na ɗazu ba?"

"Hajji, su can Tokyo sun san shi ne?" in ji Mukhtaru.

Sai Hirata ya matsa ya gyara wa Sabo rawanin Indiya da ya karkace, ya koma ya ci gaba da ɗauka.