Lamba Sha Tara

Shekara ashirin da shida ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, ina wanke kwalabe, ina ɗibar jini, ina lallaɓa na'urorin da suka girmi rabin ɗalibanmu. Yaran suna kirana Uwar Kwalba, wai don idan ka fasa mini kwalba sai ka gwammace motar ubanka ka fasa. Ban musa ba. Farfesar da nake aiki a ƙarƙashinta kaɗai ke ce mini Yaya, domin ni na koya mata riƙe sirinji tun tana ɗaliba mai rawar hannu.

Aikinta bin diddigin guba ne, a ruwa, a ƙasa, a jinin mutane. Kuma ba ta da wasa. Idan awo ya ce bakwai, bakwai za ta rubuta ko da sama za ta faɗo. Rahotonta ne ya sa aka rufe wata masana'antar rini da ke zuba dagwalo a rafi, kuma yau duk inda ka shiga a wannan fanni sai ka tarar da wanda ya zauna a ajinta. Abin da ba a faɗa a wurin ba ta lambar yabo shi ne, kafin a rufe masana'antar, ma'aikatan da suka yi magana da ita su aka fara kora.

Wannan labarin ya riga mu isa unguwar da ke bayan kamfanin narka tsofaffin batura. Gidaje ne a jere jikin katangar kamfanin, ƙura mai toka-toka a kan tagogi, a kan igiyar shanya, a kan kofin da yaro ke shan ruwa. Dalma ce. Mun je neman izinin auna jinin yara, sai maza suka taru a tsakar wani gida suka sa wani Dogo a gaba. Shi ke kula da tanderun narka dalmar, kuma shi suke jin maganarsa.

"Likita," ya ce wa Farfesa, da yake haka suke kiranta, "mun san ki. Ke za ki rubuta ki tafi, mu a kore mu. Idan sunan yarona ya fita, sunana ya fita."

Ta yi masa bayanin yadda muke yi. Lamba kawai muke liƙa wa kwalbar jini. Sunaye da lambobin waya suna takarda ɗaya tak, tana kulle a durowarta.

"Durowa ana buɗe ta," in ji shi. "Ki ƙona takardar a gabanmu, sai mu kawo yara."

Na ja ta gefe. Na ce, "Farfesa, kada ki yarda. Idan jinin wani ya fito da dalma da yawa fa? Ta ina za mu nemo shi?"

Ta ce, "Yaya, idan ban yarda ba, ko ɗaya ba za mu auna ba. Sakamako na fitowa zan dawo in gaya wa unguwar gaba ɗaya."

Gaskiya ta faɗa, ni ma gaskiya na faɗa, amma ita ce Farfesa. Kwana biyu muka yi muna ɗibar jini, layi uku, yara sittin da huɗu, kuka kamar a tsaga kunne. Da muka gama ta miƙa wa Dogo takardar, ya ƙyasta ashana da hannunsa. Har tafi suka yi mata. Abin da ya rage mana a kan kowace lamba shi ne shekaru da nauyi da ko mace ce ko namiji.

Sai fitilar na'urar awon ta mutu. Takardar neman sabuwa ta yi ta yawo daga ofis zuwa ofis, wannan ya tafi taro, wancan bai ga hatimi ba. Mako bakwai jinin yaran nan yana kwance a firiza, ni kuma kullum ina zagin mutanen da ban taɓa gani ba.

Ranar wata Litinin na'urar ta tashi. A awonmu, biyar ma abin damuwa ne, arba'in da biyar kuwa sai asibiti. Ina zaune ina kallon allon, sha biyu, ashirin, talatin da uku, raina yana ta ɓaci. Da aka zo lamba sha tara sai na ga ɗari da arba'in da ɗaya. Na ce ƙarya ne, na'ura ta haukace. Na wanke komai na sake. Ɗari da arba'in.

Na kira Farfesa. Ta tsaya a bayana ta daɗe tana kallo.

"Wace ce?" ta ce. Ita da kanta, wai wace ce!

"Mace, shekara uku, kilo sha ɗaya," na ce. "Sauran kuma ki tambayi toka."

Ban yi nadamar faɗar haka ba a lokacin. Ta ɗauki makullin mota.

A lissafinmu 'yan mata shida ne masu shekara uku. Magani akwai, wanda ke janye dalma daga jini, kuma wani likitan yara da muka tuntuɓa ya ce a kawo ta ko yau. Nemo ta ne kawai ya rage. Muka shiga unguwar gida gida, ƙafata ƙafarta, da akwatin allurai a hannuna. To a nan ne muka gane irin tarkon da muka ɗana wa kanmu. Mutanen nan sun yi alkawari a tsakaninsu ba mai faɗin gidan wani, kuma suka riƙe alkawarin gam. Ka tambayi mace ko maƙwabciyarta tana da 'yar shekara uku, sai ta ce ita baƙuwa ce. Baƙuwa, da tabon tukunyarta a bango tun ba a haifi yarinyar ba!

Na yi lallashi, na yi faɗa, har na zagi wani magidanci da ya girme ni. Farfesa kuwa ta zubar da girmanta a ƙofar kowane gida. Matar da shugabanni ke miƙewa idan ta shigo, ga ta a durƙushe gaban wata tsohuwa tana roƙo. A kwana takwas muka samo biyar, muka sake auna su. Duk suna da dalma a jini, biyu ma muka tura asibiti, amma ba wadda ta kai ko rabin abin da muke nema.

Ta shida ce, kenan. Sai a rana ta tara wata mata ta yi suɓul da baka ta ce ai 'yar Dogo ma shekararta uku. Dogo kuwa ba ya unguwar. Duk da ƙona takardar, kamfanin ya ji cewa shi ya tara mutane, suka sallame shi, ya kwashe iyalinsa ya koma wurin ƙaninsa a wani gefen gari. Wane gefe? Nan ma bakin kowa ya mutu. Lambar wayarsa? Ba wanda ke da ita, wai. A ganinsu rufa masa asiri suke yi. Wallahi da ina da ƙarfi da na shaƙe wani a ranar.

Rana ta goma sha ɗaya wani direban da ya kwashe musu kaya ya ji tausayinmu ya kwatanta mana. Bene ne mai hawa uku, matakala duk ta farfashe, ɗaki na ƙarshe a sama. Tun daga ƙasa na ga takalma sun yi yawa a bakin ƙofar, irin na gidan makoki.

Ɗaki ɗaya ne, an jingine katifa a bango don a samu wurin zama. Matar Dogo tana kusurwa, ta haɗa kai da gwiwa, 'yan'uwanta mata biyu a gefenta. Dogo yana zaune a ƙasa kusa da taga, ya rame har wuyansa ya ƙara tsawo. Ya gane mu, ya yi ƙoƙarin miƙewa.

"Likita, ashe kun ji. Kun kyauta da kuka zo."

Shekaranjiya 'yar tasa ta rasu. Ya ba mu labari a hankali, kamar mai ba da rahoton aiki. Ta daina cin abinci, tana riƙe ciki, tana amai. Suka ɗauka zazzaɓi ne, suka sayo magani a kemis. Daga baya ta fara tuntuɓe a tsakar ɗaki, sai jijjiga. Kafin a samu mota ta cika.

Na ƙirga a zuciyata ba da son raina ba. Kwana tara tsakanin Litinin ɗin nan da rasuwarta. Da takardar tana durowa, kiran waya ɗaya ne, da yamma tana gadon asibiti. Ban ce lallai da ta rayu ba, rai na Allah ne. Amma na ga waɗanda suka fi ta jin jiki sun tashi.

Sai idonsa ya sauka kan akwatin da ke hannuna. Ba wawa ba ne. Ya dube shi, ya dube ni, ya dubi Farfesa.

"Ba gaisuwa kuka zo ba," ya ce.

Farfesa ta gaya masa cewa akwai yarinya ɗaya da jininta ya fito da yawa ƙwarai, kwana goma sha ɗaya muna nemanta.

Ya ɗaga hannun damansa, wanda ya ƙyasta ashanar da shi, ya kalle shi, sannan ya ɓoye shi a ƙarƙashin cinyarsa.

"Likita, kowa ya ce ba kya ƙarya. Tawa ce? Da ban ƙona ba, da kun same ta?"

Shekara ashirin na san matar nan, ban taɓa jin ta rage ko ɗigo a kan abin da awo ya nuna ba. Na sunkuyar da kai, ina jiran ta kashe shi da gaskiya, ina jin haushinta tun kafin ta buɗe baki.

"A'a," ta ce. "Ba taka ba ce. Nauyin bai yi daidai ba."

Ya saki numfashi mai tsawo, ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa suna rawa. Na san ƙarya ta yi masa, amma na ce a raina, Allah ya yi miki albarka, ƙanwata, yau kin yi abin kirki. Na taɓa ta alamar mu tashi mu tafi.

Sai Dogo ya share fuska ya miƙe tsaye. Ya jawo takalmansa daga cikin tarin da ke bakin ƙofa.

"To ai ba lokacin zama ba ne," ya ce. "Tana can kenan, ita wannan da kuke nema. Ni na hana su magana, ni kuma zan buɗe bakinsu. Na san kowane gida."

"Ka zauna, kana cikin rashi," in ji Farfesa. "Za mu ci gaba da kanmu."

"Tawa ta tafi, Likita. Ta wani ce ba za ta tafi ba. Ku taso."

Ya riga mu sauka daga benen. A mota ya zauna a gaba yana lissafa gidaje da yatsu, Farfesa tana tuƙi ba ta kalli kowa ba. Muka tsaya a bakin katangar kamfanin. Ya nufi ƙofar farko ya buga da ƙarfi, mu muna tsaye a bayansa, akwatin yana hannuna.

"Ku buɗe, ni ne," ya ce. "Wa ke da yarinya 'yar shekara uku? Ku faɗi sunanta, don Allah, lokaci yana ƙurewa."