Hawa na Bakwai a Rusaifa

"Dangwalawa kawai za ki yi, Ummu Mudassir," in ji Asiya, ta matso da takardar kusa da matashin kan maƙwabciyarta. "Kowa a layin nan ya sa hannu. Ke kaɗai kika rage, kuma katangarmu ɗaya."

Maryama ta juyo da ƙyar, robar iska a hancinta. "Ƙorafin me kuma?"

"Baladiyya, hukumar garin Makka, za ta ba da izinin gina hawa takwas a unguwar nan ta Rusaifa. In aka gina, wace mace za ta ƙara hawa soronta ba lulluɓi? Ƙatti ta taga suna ƙirga mana furfura?"

"Ai ni na sayar, Yaya. Mudassir ya kai wa masu ginin takardun gidan tun Sha'aban. Za su ba mu shigga biyu, wato sashe biyu na zama, a hawa na bakwai. Wai daga can har hasumiyoyin Harami ana hangowa." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ki riƙa hawowa shan shayi."

Asiya ta ninke takardar gida huɗu. Shekara arba'in ke nan ana haka. Maryama ce ta fara sa na'urar sanyi a layin. 'Ya'yanta ke zaune a ofis, na Asiya suna gasa tsire a titin Mansur. Mutanen Makka na cewa a zaɓi maƙwabci kafin gida. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa zama jikin katangar wanda ya fi shi ba.

Kwana tara bayan nan Maryama ta cika, da hantsin Juma'a. Aka sallace ta a Harami, masallaci maƙil da masu Umara.

"Masha Allah, wannan dace!" in ji mata a wurin ta'aziyya. "Juma'a, ga dubban sahu!"

"Har a nan ma," Asiya ta faɗa ƙasa-ƙasa. Ta yi istigfari, sai kuka ya ƙwace mata, na gaske, har aka kawo mata ruwa.

Ƙorafin bai je ko'ina ba.

Da la'asar ɗin kwana na uku da rasuwar ta hau soro kwashe shanya. A ƙetaren katanga igiyar Maryama na lilo, babu komai a kanta sai maƙalai biyu. Ko harsashi ba a haƙa ba tukuna. Asiya ta ɗaga kai ta dubi sararin da hawa na bakwai zai tsaya, ta daɗe tana kallo, sannan ta ja mayafi ta rufe kanta.