Ƙafar Jikan Mama

Auta ta dawo daga kantin maganin da take aiki, ƙafafunta sun kumbura saboda tsayuwa, ta tarar da Mama zaune gaban kwamfutar falo ta zabga tagumi. Yayan Auta, wanda aiki ya kai shi nesa, shi ne ya aiko da bidiyon ɗansa da ya fara tafiya. Mama ba ta taɓa ganin yaron ido da ido ba.

"Zo ki duba ƙafar yaron nan," in ji Mama.

Auta ta ajiye jaka ta sunkuya. Muddin yaron yana tsaye riƙe da kujera, hoton fes yake, har gashin girarsa ana gani. Amma da ya ɗaga ƙafa sai gefenta ya tsattsage layi-layi kamar haƙoran mataji. Ta ce wa Mama laifin kwamfuta ne, ta nufi ɗaki za ta cire takalmi.

Mama ba ta yarda ba. Ta ce in kwamfuta ce, me ya sa kujerar ba ta tsage ba, labulen ma bai tsage ba, sai ƙafar jikanta? Ta tuna mata cewa yayanta mutum ne mai ɓoye abu, har aikin da aka yi masa a ciki sai da ya warke suka ji. Auta ta kira shi a waya. Ya yi ta dariya, ya ce a talabijin ɗinsu lafiya lau bidiyon yake. Da aka kashe wayar Mama ta ce ita wannan dariyar ce ma ba ta kwanta mata ba. Tun daga ranar ta rage cin abinci, kuma kullum Auta ta dawo aiki sai ta same ta a wurin, tana mai da bidiyon baya.

Ranar hutunta, wadda ta yi niyyar yin wanki da barci, Auta ta cire wayoyin, ta rungumi akwatin kwamfutar ta kai shagon mai gyara. Shagon a saman bene yake, matakalar kuma ƙunci gare ta. Ta isa tana haki. Mai gyaran, wani mai furfura da tabarau a goshi, ya ture tarin tsofaffin allunan kwamfuta ya ba ta wurin zama.

Da ya kalli bidiyon sai ya ce wannan ai ba ciwo ba ne. Kyamarar yayanta rabi-rabi take ɗaukar hoto: ta ɗauki layi ɗaya ta tsallake ɗaya, sannan ta dawo ta cike waɗanda ta bari. Kafin ta dawo, abin da ke motsi ya riga ya gusa, shi ya sa layukan ba sa haɗuwa. Talabijin ya san yadda zai daidaita su. A kwamfuta kuwa aikin wani ɗan allo ne da ke cikinta, katin hoto, kuma a nasu an kashe wannan aikin.

Ya kunna shi. Layukan suka ɓace, Auta har ta fara miƙewa. Sai dai katin ya tsufa, hoton ya yi masa nauyi, bidiyon ya riƙa tsayawa yana fizga. Yanzu yaron sai ya yi taku ya maƙale, ya sake yi ya maƙale.

"Haka ma ai ya wadatar, ko?" in ji mai gyaran.

"Baba, in na kai mata wannan cewa za ta yi ɗingishi yake."

Ya yi murmushi, ya janyo wani kati na hannu daga cikin kwali. Katin bai shiga akwatin ba sai da mai gyaran ya kwance wani ƙarfe. Da ya shiga, kwamfutar ta ƙi gane shi. Aka yi ta kashewa ana kunnawa, wuta ta ɗauke ta dawo, masu karɓar kaya suka shigo suka fita. Auta ta jingina kai da bango, tana jin ƙarar fanka, yunwa na cin ta. Sai bayan la'asar ya taɓa kafaɗar kujerarta ya nuna mata allon. Yaron ya saki kujera, ya yi taku sumul har ya faɗa hannun uwarsa.

A gida Auta ta durƙusa bayan tebur tana mai da wayoyi, ƙura na shiga mata hanci. Mama ta sa tabarau, ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon. Ta kalla, ta mayar, ta sake kallo. Ta sauke ajiyar zuciya ta yi hamdala, ta ce ga angon nata nan yana taku kamar soja.

Auta ta zube a doguwar kujera ta lumshe ido.

"Amma fa ya rame," in ji Mama. "Dubi wuyansa. Ɗazu ban lura ba. Kira min uwarsa in ji me take ba shi."

Auta ta lalubo wayar a jaka ba tare da ta buɗe ido ba, ta miƙa mata. Kayan wankin suna nan a bokiti bakin banɗaki. Tana jin Mama tana tambayar wane maɓalli za ta danna, barci ya ɗauke ta.