Alƙalamin Manajan Gidan Wanki

Yayana ya dawo gida da jaka ɗaya da takardar shaidar wani kwas na harkar kasuwanci, kuma tun bai gama cire takalmi ba ya fara lissafa mana abin da ke damun shagonmu. Shagon wanki da guga ne, ɗaki biyu a bakin titi. Na gaba yana da kanta da jeren hangogin rataye kaya, na baya kuma injin wanki ne da teburin guga, inda nake tsaye tun ina 'yar budurwa har tabon ƙuna ya cika min bayan hannu. Mama ce ta kafa shi. Idonta ya fara rauni, kuma ta faɗa da bakinta cewa kafin shekara ta ƙare za ta miƙa wa ɗayanmu makulli ta koma gida ta huta. Ina son makullin nan, ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

Shi kuwa Yaya ya taɓa kiwon kifi, kifin ya mutu. Ya taɓa sayar da wayoyi, wayoyin suka ƙare ba a ga riba ba. Maƙwabtanmu, mai gyaran takalmi da mai kemis, su suka laƙaba masa Manaja don tsokana, shi kuma ya karɓa hannu biyu-biyu. Idan aka kira shi da sunan har gyara kwalar riga yake yi kafin ya waiwayo.

Abu na farko da iliminsa ya hango shi ne biro. Ya ɗauki wanda ke ɗaure da zare a jikin kanta, ya riƙe shi da yatsa biyu yana yatsina fuska.

"Mama, manaja ba ya rubutu da wannan. Alƙalami mai shan tawada nake buƙata. Mutum yana shigowa ya gan shi a aljihuna, ya san ba wurin wasa ya zo ba."

Na ce masa mutanen da ke shigo mana ƙazantar kayansu suke kawowa, ba kallon aljihu ba. Mama ta harare ni, ta jawo durowa ta ba shi kuɗi, sannan ta ce, "Auta, bi yayanki. Kin fi shi iya ciniki, kada a cuce shi."

Haka na bar guga jibge na bi ƙaton mutum zuwa shagon kayan rubutu, kamar mai raka yaro aski.

Mai shagon dattijo ne mai tabarau, marar gaggawa. Yaya bai ko gaishe shi sosai ba ya wuce wurin akwatin gilashi, ya ɗora yatsa a kan wani baƙin alƙalami mai bakin zinariya. Dattijon ya faɗi kuɗinsa. Na ce ko kusa, wannan ai sai mu yi wata guda muna wanke wa mutane safa a banza. Yaya ya sha mur, ya ce ban san darajar abu ba. Na ce na san darajar wutar lantarki da garin sabulu, kuma kuɗin da ke aljihunsa ni na goge su da hannuna.

Dattijon ya yi kamar bai ji mu ba. Ya ɗauko wani faranti mai alƙaluma masu araha ya ajiye a gabanmu. Jikinsu na roba ne, bakinsu na ƙarfe.

"Ga wanda zai fara, waɗannan sun isa," in ji shi. "Wannan bakinsa siriri ne, rubutunsa yana saurin bushewa. Wannan ya fi shi kauri, ya fi santsi, amma yana shan tawada. Akwai wanda ake saka wa 'yar robar tawada a jefar idan ta ƙare, akwai mai zuƙa daga kwalba. Mai zuƙa ya fi sauƙi idan kullum za ka yi rubutu. Me za ka riƙa rubutawa da shi?"

"Harkokin ofis," in ji Yaya.

Ofishinmu kujerar roba ce guda ɗaya a bayan kanta, ƙafarta ɗaya ma ɗaure take da waya.

Sai aka shiga zaɓe. Ban taɓa ganin mutum ya ɓata wa kansa da jama'a lokaci a kan abu kaɗan irin na ranar ba. Ya ɗaga wannan ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ya buɗe murfin wancan ya rufe, yana kasa kunne ya ji ƙarar. Ya ce ya ga wani a waya yana cewa alƙalamin kirki sai ya zauna daidai a tsakanin yatsu, don haka ya riƙe kowanne yana lumshe ido. Da aka ba shi takardar gwaji, ya danna bakin alƙalamin da ƙarfi yadda ya saba danna biro, har dattijon ya miƙo hannu ya tsayar da shi.

"Kada ka danna, ɗana. Bakin zai buɗe ya lalace. Ɗora shi kawai, ka bar shi ya tafi da kansa."

Yaya ya sassauta hannu, rubutun ya fito sumul. Ya cika takardar da sa hannunsa, wani sa hannu mai jela da bai da shi jiya. A ƙarshe ya ɗauki shuɗi mai siririn baki, mai zuƙa daga kwalba. Alƙalamin ba shi da laifi ko kaɗan. Na taɓa shi, ba nauyi, murfinsa yana kamawa gam, kuma ya fi mai shi amfani nesa ba kusa ba.

Saura tawada. Dattijon ya ajiye kwalba biyu. Ya ce ɗaya idan ta bushe ta zauna ke nan, ko ruwa ba ya ɗaga ta, sai dai tana son a riƙa wanke alƙalamin a kai a kai don kada ta toshe shi. Ɗayar kuma shuɗiya ce mai wankuwa, wadda iyaye ke saya wa 'yan makaranta, ko ta zube a riga ruwa da sabulu sun ishe ta.

Yaya ya yi wata dariya ta manya. "Baba, mu masu wanki ne. Kada ka gaya min abin da tawada ke yi wa farin kaya. Ka ce in shigar da abin da ba ya fita cikin shagon da ke cike da rigunan mutane? Ba ni mai wankuwar."

Wannan ce maganar hankali ta farko da na ji daga bakinsa tun da ya dawo, har na gyaɗa kai. Duk wanda ya taɓa durƙusawa yana cuɗa aljihun da biro ya fashe a ciki ya san babu abin da mai wanki ke tsoro kamar tawada. Muka biya muka fito, yana tafe yana taɓa aljihun gaba kowane taku don ya tabbata abin yana nan.

Tun da aka buɗe shagon, da zare Mama ke gane kayan mutane. Kowane mai kawo wanki yana da launinsa da yawan ƙullinsa, a ɗinka a cikin kalmasar riga inda ba a gani. Mai kemis ja ne ƙulli biyu, malamar makaranta kore ƙulli ɗaya, haka dai. Babu inda aka rubuta shi, a ƙwaƙwalwarta yake da tawa. Yaya ya kira wannan aikin zamanin da. Ya ce kasuwancin da ke zaune a cikin kawunan mata biyu ba kasuwanci ba ne.

Ana cikin haka babban ciniki ya zo. Shugabar ma'aikatan jinya ta wani asibitin kuɗi da ke bayan layinmu, wadda kowa ke kira Babbar Sista, ta shigo da kanta. Mace ce doguwa marar yawan magana. Ta ce suna neman wanda zai riƙa wanke fararen rigunan ma'aikatansu duk mako. Ta ce sun sallami masu wankinsu na da saboda abu ɗaya, suna cakuɗa kaya, ta wannan ta koma hannun waccan. Za ta gwada mu sau ɗaya. Idan rigar kowa ta koma wa mai ita, aikin ya zama namu.

Mama ta ce a gabanmu, bayan matar ta fita, cewa wannan aikin shi zai nuna mata hannun da za ta bar wa shago. Na ji daɗin maganar, don na san hannuna.

Kayan suka iso washegari, kowace riga a ledarta da sunan mai ita a jiki. Farare ne fes, ɗinki iri ɗaya, maɓalli iri ɗaya, bambancinsu kawai wata ta fi wata faɗi da ɗan yatsa. Na ɗauko gwangwanin zare. Yaya ya dafe murfin.

"Wannan aikin na zamani ne, ni zan yi masa alama."

Ya fito da wani nadi na 'yan takardu masu tauri, irin waɗanda ruwa ba ya cinyewa, da ake maƙalawa a wuyan riga. Ya ce haka manyan gidajen wanki ke yi. Na kalli Mama. Ta ce, "Bar shi ya gwada iliminsa, Auta. Ke kullum sai kin nuna kin fi kowa."

Na koma ɗakin baya wurin gugata. Ta ƙofa ina hango shi zaune a kujerar roba, ya karkata kai, yana rubuta suna a hankali yana hura masa iska, sannan ya maƙala. Ledojin kuwa da ya gama da kowace sai ya dunƙule ta ya jefa a kwandon shara, mai kwasar shara ya zo da yamma ya tafi da su. Mama ta ɗauki riga ɗaya ta kai kusa da idonta ta ce rubutun yayanki kamar na injin buga takarda.

Da safe shi ya loda injin da kansa, karo na farko a rayuwarsa, har yana tambayata ina ake zuba sabulu. Ni na buɗe da ya tsaya. Na jawo riga ta farko, takardar tana nan daram a wuyanta, ba ta yage ba, ba ta ko lanƙwashe ba. Fara ce tas. Na jawo ta biyu, na jawo ta uku. Tawadar ta yi abin da aka saye ta don ta yi, ta fita ba ta bar ko ɗigo a rigar kowa ba.

Na kira shi, na miƙa masa. Ya juya takardar baya, ya sake juyo ta. Sai ya fita bakin titi da gudu ya ɗaga ta saitin rana yana ƙanƙance ido, wai ko zai ga sawun rubutun. Da biro ya yi amfani da ya gani, don biro yana barin rami a takarda. Amma a duk abin da aka taɓa koya wa Yaya a duniya, kada ka danna ɗin nan ne kaɗai ya riƙe.

Na goge rigunan duka, don ba zan mayar wa mutane kaya a yamutse ba. Babbar Sista ta zo bayan azahar. Yaya ya tarye ta da murmushi da alƙalami a aljihu, ya ce an samu 'yar matsala ta fasaha, amma idan ma'aikatan za su zo ɗaya bayan ɗaya su gwada, kowa zai gane tasa.

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "In kwaso ma'aikatan jinya daga kan marasa lafiya su zo nan gwajin riga?"

Ta ɗaga riga ɗaya ta duba gugar, ta ce wanda ya yi wannan ya iya aiki. Sannan ta sa direbanta ya kwashe kayan a dunƙule, ta ce wa Mama ta gode, ba sai mun jira su mako mai zuwa ba.

Raina ya ɓaci da asarar, amma ba zan yi ƙarya ba, a ƙasan zuciyata na ce to, yau dai Mama ta gani da idonta, komai rauninsa. Yaya ya zauna a kujerar roba ya haɗa kai da gwiwa. Mama ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo gare ni.

"Da kin bar shi ya sayi mai tsadar nan da yake so, da duk haka ba ta faru ba. Ke da rowarki kika sa ya ɗauko na roba."

Na ce, "Mama, ba alƙalamin ba ne. Tawadar ce, kuma shi ya zaɓe ta. Ko na zinariya aka zuba wa ita haka za ta wanke."

"Ni ban san wannan ba. Abu mai araha dai ba ya ƙarko."

Ta kwance makullin daga bakin zanenta. Na ga hannunta ya wuce ni, ya ajiye shi a kan gwiwar Yaya.

"Idan na hana shi yanzu, ya karye ke nan, ba zai ƙara tashi ba," in ji ta, ba ta kalle ni ba. "Ke kuwa ko ina aka ajiye ki za ki rayu. Ki taimaka masa, ɗan'uwanki ne."

Shekarun da na yi a tsaye a ɗakin bayan nan, ashe abin da suka saya min ke nan, a ce ni ba a jin tsoron in karye.

Washegari na zo na tarar ya riga ni buɗe shago, abin da bai taɓa yi ba. Na wuce ciki na zare dutsen gugata, wanda na saya da kuɗina, daga soket, na naɗe wayarsa na saka a jaka. Ina fitowa na gan shi tsaye a gaban hangogi, ya juya kalmasar wata riga yana zare ido. Mai ita zai zo karɓa da rana.

"Auta, jan zare ƙulli biyu na wane ne?"

Na dubi shuɗin murfin da ke leƙowa daga aljihunsa.

"Rubuta masa suna mana, Manaja," na ce. "Ai kana da alƙalami."

Na saɓa jakata na fita, na bar masa ƙofar a buɗe.